Wa Ya Cika Rumbun Kwamfutarmu?

Da farko muna ba ku haƙuri, domin mujallar makon jiya ba ta hau bango ba. Wasu sun ce lalaci ne ya kama 'yan kulob ɗin jarida, wasu sun ce kuɗin takarda ne ya ƙare. Ko ɗaya ba haka ba ne. Mun gama buga labaranmu tsaf ranar Laraba, muka zo ajiyewa, sai babbar kwamfutar ɗakin kwamfuta ta ce babu sauran wuri. Kafin mu nemo filashi aka ɗauke wuta, aikin kwana uku ya tafi. 'Yan aji uku ma abin ya shafe su, don a ranar ba su samu yin gwajin jarrabawarsu ba, ga shi jarrabawar fita ta matso.

Washegari kowa ya zama alƙali. 'Yan aji uku suka ce 'yan aji ɗaya ne, wai kullum suna ciki suna zane-zane. 'Yan aji ɗaya suka ce ai manya ne ke zuba finafinai. Mu ma, gaskiya, mun sa baki, har mun fara tsara labari mai taken "Masu cika mana kwamfuta su ji tsoron Allah". Da muka kai wa malamin kwamfuta ya duba, sai ya yi dariya ya ce, "Kun auna?" Muka ce, "A'a Malam, amma kowa ya sani." Ya ce mu dawo bayan tashi mu auna tare. Abin da muka koya a wannan yammaci shi ne muka kawo muku, domin duk wanda ke amfani da kwamfuta ko waya ta tarayya zai buƙace shi wata rana.

Kafin a auna abu sai an san mudu. A cikin kowace kwamfuta akwai faifan ajiya, wanda muke kira rumbu, kuma a nan duk fayil yake kwana ko an kashe wuta. Mafi ƙanƙantar mudun da ake yawan amfani da shi sunansa bait. Harafi ɗaya na boko, kamar a ko b, bait ɗaya yake ci. Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu bait biyu yake ci a tsarin rubutun da yawancin kwamfutoci ke bi yanzu. Wato kalmar ƙasa ta fi kalmar kasa nauyi da bait ɗaya. Bait dubu su ne kilobait, kilobait dubu su ne megabait, megabait dubu kuma su ne gigabait, wato dai mega da giga ɗin da muke ji wajen sayen data.

Sai dai akwai ɗan rikici a nan. Masu ƙera faifai suna lissafi da 1000, amma manhajoji da yawa suna lissafi da 1024, domin kwamfuta da ninkin biyu take ƙirga. Shi ya sa faifan da aka rubuta gigabait 500 a jikinsa, idan ka duba a kwamfuta za ka ga kusan 465 ne, ko ma ƙasa da haka. Ba wanda ya sace sauran, mudun ne ya bambanta.

Yanzu ga lissafin da ya fara rusa mana zargin da muke yi. Shafi ɗaya na zallar rubutu, mai haruffa kamar 2000, bai wuce kilobait biyu ba. Hoto ɗaya na waya yakan kai megabait biyu zuwa biyar. Bidiyo mai kyau kuwa, a wayoyi da yawa, minti ɗaya kacal yakan haura megabait 100. Idan ka raba za ka ga minti ɗaya na bidiyo ya kai nauyin shafi dubu hamsin na rubutu. Ko duk makarantar nan muka zauna muna bugawa daga farkon zango zuwa ƙarshensa ba za mu kai haka ba. Don haka yawan fayil ba shi ne nauyi ba. Mai ƙwayar gero dubu bai kai mai kabewa ɗaya cika kwando ba.

Babbar kwamfutar da ke kusa da teburin Malam ba Windows ce a kanta ba, Linux ce, irin wadda ake kira Ubuntu. Wani ɗalibin jami'a ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara Linux a 1991, ya bi salon wani tsohon tsari mai suna Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara a Amurka a 1969. A wannan kwamfutar kowane aji da kowane kulob yana da asusunsa da kalmar sirrinsa, kuma kowane asusu yana da jakarsa a cikin wata babbar jaka mai suna /home. Akwai aji1, aji2, aji3, malamai, muhawara, jarida, sai kuma wata jaka ta gayya mai suna kowa, wadda duk mai asusu yake iya zuba abu a ciki.

Malam ya buɗe wata baƙar taga wadda ba hoto a cikinta, sai rubutu kawai. A nan ake ba kwamfuta umarni da madannai ba tare da linzami ba. Ya ce tambaya ta farko ba "wa ya cika?" ba ce, tambaya ta farko ita ce "da gaske ya cika?" Sai ya sa ɗaya daga cikinmu ta buga wannan:

df -h

Wannan umarni yana nuna girman kowane faifai, da abin da aka ci, da abin da ya rage. Harafin h na ƙarshe shi ne ke sa a rubuta amsar da mega da giga yadda mutum zai gane, maimakon dogayen lambobi. Amsar ta fito: girma 457G, an ci 434G, saura sifili, kashi 100 cikin 100. Nan take wani ɗan kulob ɗinmu mai son lissafi ya ce, "Malam, ai 457 a cire 434 saura 23, ya aka yi ta ce sifili?" Malam ya ji daɗin tambayar. Ya ce irin tsarin faifan da Ubuntu ke amfani da shi yakan ware kusan kashi biyar cikin ɗari ya ɓoye wa mai kula da kwamfutar, don ko rumbu ya cika maƙil a samu wurin motsi a yi gyara. Kamar dai yadda ake ware iri a gida, ko yunwa ta yi tsanani ba a dafa shi.

To, rumbu ya cika. Saura wa ya cika shi. Umarni na biyu shi ne zuciyar wannan bayani, don haka ku kwafe shi daidai:

sudo du -sh /home/* | sort -rh

Kada tsawonsa ya ba ku tsoro, gutsure-gutsure ne. Kalmar du ita ce mai awo, tana shiga jaka ta bi duk abin da ke ciki ta tara nauyinsa. Tsohon umarni ne ƙwarai, tun farkon shekarun 1970 yake cikin Unix, ya girmi iyayen da yawa daga cikinmu. Harafin s yana cewa a ba mu jimilla kawai, kada a jero mana fayil ɗaya bayan ɗaya. Harafin h kun riga kun san aikinsa. Tauraron da ke bayan /home/ yana nufin kowace jaka da ke ciki. Sandar nan da ke tsaye a tsakiya tana ɗaukar amsar umarni na farko ta miƙa wa na biyu, shi kuma sort ya jera su, r ta sa a fara daga babba zuwa ƙarami. Kalmar sudo ta farko ita ce neman izinin mai kula da kwamfuta, kuma sai da Malam ya sa kalmar sirrinsa. Idan babu wannan izini, du ba za ta iya leƙa jakunkunan da aka kulle ba, sai ta ba ka lissafi rabi da rabi, ka je ka zargi wanda bai ji ba bai gani ba.

Kwamfutar ta ɗauki kusan minti biyu tana ƙugi. Muna tsaye mun zuba ido, kowa yana jiran ya ga sunan ajin da yake zargi. Ga abin da ya fito:

212G jarida
118G kowa
47G malamai
31G aji3
14G aji2
2G aji1
1G muhawara

Ɗakin ya yi tsit. Mu ne. Kulob ɗin jarida, masu shirin rubuta wa mutane wa'azi, mu ne muka cinye kusan rabin rumbun. 'Yan aji ɗaya da aka fi zagi kuwa, duk da cewa sun fi kowa yawan fayil, giga biyu kawai suka ci, domin ƙananan zane ne da gwajin buga rubutu. Muna amfani da wannan dama mu ba su haƙuri a bainar jama'a.

Shugabar kulob ɗinmu ta ce ba za ta yarda ba sai ta ga mene ne a ciki. Sai aka sake buga umarnin, amma wannan karon aka nuna masa cikin jakarmu, wato aka sa /home/jarida/* a maimakon /home/*. Haka ake yi, ana bin babbar jaka ana shiga, a sake bin babbar da ke cikinta, har a kai ga abin da ya yi nauyi. Ba sai an buɗe kowace jaka ba. Cikin shiga uku muka iske shi: bidiyon gasar wasannin gidaje ta bara da na ranar rabon kyaututtuka. Mun ɗauka da wayoyi huɗu, tun daga faretin safe har zuwa jawabin rufewa, ba a yanke komai ba. Abin kunyar ma shi ne akwai jaka mai suna wasanni, da wasanni sabo, da wasanni na gaske, kuma duk abu ɗaya ne a cikinsu. Kowane sabon sakatare idan ya karɓi aiki sai ya sake kwafa don kada ya ɓace.

Amma da muka tara abin da ya fito a wannan jeri, giga 150 muka samu, alhali jimillar ta ce 212. Ina 62 suka shiga? Malam ya bar mu muka yi ta kai-kawo kusan minti goma kafin ya faɗa mana. A Linux, duk jakar da sunanta ya fara da ɗigo ɓoyayya ce, kuma tauraron nan ba ya kamo ta. A cikin irin waɗannan ɓoyayyun jakunkuna kwandon shara yake. Idan ka danna fayil ka ce a goge, ba fita yake yi daga rumbu ba, kwandon shara kawai yake komawa, yana nan da nauyinsa har ranar da aka zubar da kwandon. Wani daga cikinmu ya taɓa "goge" bidiyoyi masu yawa tun zangon farko, yana ta alfahari ya yi tsafta, ashe shara ya tara a bayan ƙofa. A Windows ma haka abin yake.

Jakar kowa ita ce ta fi wuya, kuma a nan muka fi daɗewa. Umarnin du yana faɗin nauyin jaka ne, ba ya faɗin wanda ya zuba kayan. Jakar aji3 dai an san ta aji uku ce, amma jakar gayya fa? Sa'ar da aka yi, Linux tana rubuta sunan mai kowane fayil, wato asusun da aka shiga da shi lokacin da aka ajiye shi. Malam ya fara da tace manya:

find /home/kowa -size +100M

Wannan ya jero duk fayil ɗin da ya haura megabait 100. Sannan ya buga ls -lh a cikin jakar, wanda ke nuna kowane fayil da sunan mai shi da girmansa da ranar da aka taɓa shi na ƙarshe. Finafinai ne birjik, na Hausa da na Indiya da wasan ƙwallo, kuma mafi yawansu da sunan aji3 aka ajiye su.

Har mun fara murna mun samu abokan laifi, sai Malam ya tambaye mu, "A cikinku wa ya san kalmar sirrin aji uku?" Mu bakwai ne a wurin, biyar suka ɗaga hannu, kuma ba ɗan aji uku ko ɗaya a cikinsu. An rubuta ta da biro a ƙasan wani tebur, kowa ya sani. Ke nan kwamfuta ta faɗi gaskiya cewa da asusun aji3 aka zuba, amma ba ta san hannun wa ya danna ba. Ranakun da ke jikin wasu finafinan ma sun faɗa cikin makon da 'yan aji uku ke rubuta jarrabawar gwaji a babban zaure. A ra'ayinmu wannan ya isa a daina nuna musu yatsa, ko da yake ba mu ce duk cikinsu waliyyai ne ba.

Game da giga 47 na malamai, mun yi tambaya cikin ladabi. Yawanci sakamakon jarrabawa ne na shekaru, da hotunan ɗalibai na rajista, da bidiyoyin darasin kimiyya. Wannan ya nuna mana cewa wanda ya fi cin wuri ba lallai shi ne mai ɓarna ba. Giga 47 na sakamakon jarrabawa sun fi giga biyu na fim cancantar zama. Awo yana nuna inda za a duba ne kawai, sai mutum ya buɗe ya gani kafin ya yanke hukunci. Kuma Malam ya ja mana kunne sosai: izinin auna jakar wani ba izinin karanta abin da ke ciki ba ne, balle gogewa. Ko finafinan jakar kowa ma bai taɓa su a ranar ba, sai da ya sanar a taron safe ya ba da kwana uku.

Sauran kwamfutocin ɗakin Windows ne a kansu, kuma mun san su ne irin waɗanda wasu ke da su a gida ko a shagon buga takardu. A can jakunkunan masu asusu suna cikin C:\Users. Ka danna jakar mutum da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties, ka jira lambar ta daina hawa. Sai ka yi wa kowane asusu haka ka rubuta a takarda. Yana da ɗan gajiyarwa, kuma nan ma sai da izinin mai kula da kwamfutar. Za ka ga lambobi biyu, ɗaya girman fayil, ɗaya wurin da ya ci a faifai, kuma sau da yawa ta biyun ta fi. Dalili shi ne faifai a yanke yake gida-gida, yawanci kowane gida kilobait huɗu, kuma fayil ko ƙarami ne yakan kama gida guda shi kaɗai. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta mai suna WinDirStat da ke zana dukan rumbun da akwatuna masu launi, babban fayil babban akwati, ta yadda ko wanda bai iya karatu ba zai nuna maka inda matsalar take.

Waya ma rumbu gare ta, kuma a gidaje da yawa waya ɗaya ce ake tarayya a kanta. Idan ta Mama ta cika, kafin a ce ƙanenka ne da wasanninsa, a shiga saitin WhatsApp, wajen ajiya da data, a buɗe sarrafa ajiya. Zai jero hirarraki daga wadda ta fi nauyi zuwa ƙasa. Wata 'yar kulob ɗinmu ta gwada a gida, ta tarar zauren 'yan uwa na biki ne a sama, da bidiyon kamu guda ɗaya da mutum shida suka turo.

Mun tambayi Malam ko faifan ne ya yi ƙanƙanta, a sayo babba mana. Ya ce faifan ajiya na farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956 bai wuce megabait biyar ba, kuma girmansa ya kai firji biyu. Hoto ɗaya ko biyu na wayar yau sun cika shi. Namu ya ninka shi sau dubu ɗari, amma ga shi mun cika shi cikin 'yan zanguna. Ya ce ko an kawo wanda ya ninka wannan, idan ba a sa iyaka ba, badi war haka muna nan muna wannan rigima.

Iyakar da yake nufi ita ce rabon kaso. Linux tana da tsarin da ake yanka wa kowane asusu iya abin da zai ci, kuma iyaka biyu ce. Idan ka haura ta farko za a gargaɗe ka a ba ka wa'adi, wanda yawanci kwana bakwai ne, ka rage kaya. Ta biyu kuwa bango ce, ko bait ɗaya ba za ka ƙara ba. Amfaninta shi ne wanda ya cika kasonsa shi kaɗai zai tsaya, ba zai hana 'yan aji uku gwajin jarrabawa ba. Idan an kunna wannan tsari, umarni guda mai suna repquota yana fito da sunan kowane asusu da abin da ya ci nan take, har da abin da ya zuba a jakar gayya, ba sai an jira du ta zagaya ba. Windows ma tana da irin wannan rabon kaso.

Mu dai mun zubar da kwandon shararmu, mun bar kwafi ɗaya na bidiyon wasanni, mun kuma zauna mun yanke faretin da ya kai minti arba'in ya koma shida. Daga 212 mun sauko zuwa 38. An canza kalmar sirrin kowane aji, an ba monita da mataimakinsa kawai, kuma an kankare ta ƙasan tebur. Daga ranar Litinin kowane aji yana da giga 30, kowane kulob giga 40, kuma za a riƙa share jakar kowa duk ranar Juma'a bayan tashi. Duk wanda ke da wani abu mai muhimmanci a cikinta ya zo da filashinsa kafin ranar Alhamis. Za mu riƙa liƙa sakamakon awon kowane wata a kusurwar hagu ta wannan allo, ƙasa da shafin wasanni, har da namu.